Mai Santsi da Mai Kaushi

Tun da mantuwa ta kama Inna, kowa a gidan ya zama baƙo. Auta ce abin ya fi ci wa rai. Ita ke yi mata wanka, ita ke ba ta magani, amma kullum sai tsohuwar ta gyara zama ta yi mata sannu da zuwa, ta tambaye ta daga ina. Likita ya ce sai haƙuri. Haƙuri kuwa a bakin mai faɗa yake da sauƙi. Auta ba ta roƙon komai, uwarta dai ta gane ta ko sau ɗaya.

Inna a saƙar tabarma ta tsufa. Yanzu ido ya yi hazo, amma yatsun ba su samu labari ba. Tana zaune a bakin taga, suna ta saƙa iska a kan cinyarta. Ganin haka ne wata safiya Auta ta bar shagon ɗinkinta a rufe, ta ɗauki lauje ta nufi tafkin bayan gari.

Ruwan yana kwance shiru, tururi na tashi a kansa a hankali, har ta ji kamar ba ta gama farkawa ba. Ciyawar saƙa iri biyu ce a bakin tafkin, a cakuɗe, daga nesa ba ka ce ga wannan ga waccan ba. Ɗaya koriya ce shar, jikinta santsi, in ka tsaga ta da farce sai ka ga farin ɓargo a cike tun daga gindi har sama, kamar auduga. Ita ce ke lanƙwasa ba gardama. Ɗayar ta ɗan yi toka-toka, jikinta da siraran layuka masu kaushi, cikinta kuma ɗaki-ɗaki ne, nan ɓargo, nan rami. Da ta bushe sai taurin kai, Inna ko kyauta ba ta so.

Da Auta tana yarinya ba ta taɓa tsayawa ta duba ba. Abin da lauje ya samu shi take kwasowa, don ta koma wasa. Shi ya sa Inna ta raɗa mata Gaggawa. Yau kam ɗaya bayan ɗaya ta riƙa shafawa, ta zaɓo mai santsi zalla, ta ɗaure.

Da ta ajiye damin a cinyar Inna, yatsun suka daina saƙar iska. Tsohuwar ta sunsuna, ta ja sili ɗaya ta tsaga, fuskarta ta washe. Ta sa albarka, ta ce lallai wannan baiwar Allah an koya mata aiki.

"Ina da wata 'ya," ta ce, "ita kullum mai kaushi take kwaso mini. Ta daɗe ba ta leƙo ni ba."

Auta ta fita tsakar gida, ta tsaya bayan shanya ta yi kukanta. Yayanta, wanda ya dawo daga tuƙi yana wanke ƙafa a bakin famfo, ya ji yadda aka yi. Ya ce ai ita ma da neman magana take, mutum ya girma bai iya abu ba, sai yanzu da ba a tambaye shi ba zai iya. Ta harare shi, amma maganar ta zauna mata.

Washegari ta koma tafkin. Tururin yana nan, wani farin tsuntsu yana tsaye da ƙafa ɗaya bai ko kula ta ba. Ta wuce mai santsi duk kyanta, ta bi mai toka-toka tana yanka, ta tura 'yan koraye kaɗan a tsakiya, ta ɗaure damin a karkace yadda take yi a da.

Inna ta shafa sili na farko, ta tsaya. Ta shafa na biyu. Ta sa farce ta tsaga, yatsanta ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ja tsaki mai tsawo, irin wanda Auta ta yi shekaru tana kewarsa. Hannunta ya tashi yana lalube har ya sami kunnen Auta, ya riƙe.

"Gaggawa, ke dai ba za ki taɓa koya ba. Ina kika shiga tun ɗazu?"

Auta ta durƙusa, ta bar mata kunnen.

"Tafki na je, Inna."