Sunan da Umma Ke Gadi

Auta ta kusa fasa kwamfutar shagon. Karo na uku ke nan allon yana nuna mata magana ɗaya: mai sunan ya soke canjin.

"Wane mai suna kuma? Ni ce mai suna," ta faɗa, tana karkaɗe ɓurɓushin soso daga siket.

Shagon kujeru ne ta gada daga babanta, kuma sunan marigayin ne adireshin shafinsu na intanet. An buga shi a ƙarƙashin kowace kujera da ta fita daga shagon, ta nan masu saye ke nemo su. Ga shi tsohon kamfanin da ya yi musu rajistar sunan zai rufe a ƙarshen wata, rajistar ma ta zo gargara. In ba ta mayar da sunan wani kamfani ta sabunta ba, zai faɗi kasuwa, duk wanda ya riga ya ɗauke. Akwai kuwa mai jira, tsohon kafintan babanta da ya buɗe nasa shagon a ƙarshen layi, wanda kwana biyun nan gaisuwarsa ta yi yawa.

Ta yi duk abin da aka ce. Ta cire makullin da ke kan sunan, ta karɓi lambar sirrin, ta miƙa wa sabon kamfani. Amma da an fara sai a soke.

Ta kira sabon kamfanin. Wata ma'aikaciya mai sanyin murya ta bincika, ta ce, "Duk lokacin da kika nema, ana aika saƙon neman amincewa zuwa imel ɗin da aka yi rajista da shi tun farko. Wani yana buɗewa yana danna 'ban yarda ba'. Da sauri ma yake yi."

Auta ta katse kiran. Imel ɗin farko na babanta ne, ita tuni ta buɗe nata. Yana cikin tsohuwar wayar shago, wadda ta ba mahaifiyarta don jin rediyo. Ta rufe shago ta nufi gida, ko mayafi ba ta gyara ba.

Ta tarar da Umma a falo tana ninke wanki, wayar na gefenta cikin safar jarirai, wai kada ta ƙuje.

"Umma, wani saƙo yana shigo miki kwanakin nan?"

"Gara da kika zo," in ji Umma, ta gyara zama. "Ɓarayi ne, 'yar nan. Sunan babanku suke so su ɗauke su kai wani waje. Sau uku suna zuwa, sau uku ina korar su. Ban faɗa miki ba don kada hankalinki ya tashi."

Auta ta zube a kan kujera. Dariya ce ta taso mata, haushi na biye. Ita ce fa ranar da ta ba da wayar ta zaunar da tsohuwar ta yi ta ja mata kunne: duk saƙon da ya ce a yarda da wani abu, ki ce a'a. To ga ɗaliba ta haddace karatu.

"Umma, ni ce ɓarauniyar."

Sai da ta yi bayani dalla-dalla, ta nuna mata takardar rufe kamfanin, ta sake kiran ma'aikaciyar nan ta sa su gaisa. Umma ta yi wa baiwar Allah tambayoyi kamar mai neman auren ɗiyarta: ina ofishinku, tun yaushe kuke aiki, ku ma za ku rufe ne?

Auta ta sake tura buƙatar daga wayarta. Wayar da ke cikin safa ta yi ƙara. Ta miƙa hannu, Umma ta buge hannun.

"Ni na hana, ni zan bari."

Ta ɗora tabarau, ta karanta saƙon tun daga sama har ƙasa, leɓunanta na motsi, sannan ta danna da ɗan yatsa kamar mai dangwala hannu. Kafin shayi ya huce sanarwa ta shigo: sunan ya koma sabon kamfani. Auta ta sabunta shi nan take, ta zaɓi shekaru mafi yawa da aka yarda. Daɗi ya cika ta har ta rungume Umma da wankin gaba ɗaya.

Saura abu ɗaya. Shafin ya tambaye ta ko za ta canza imel ɗin mai suna zuwa nata. Ta fara rubutawa, ta ɗago ta dubi Umma, wadda ke mayar da wayar cikin safarta a hankali.

Ta goge abin da ta rubuta.

"Umma, na bar shi a hannunki. Duk mai son sunan Baba sai ya biyo ta kanki."

"Har ke," in ji Umma, ta cusa wayar ƙarƙashin filo.