Sunan Yarinta, Sunan Manya

Laifin Darmo shi ne sauya wa mutum kalma a baki, yana ganin ai duk ɗaya ne.

A ƙauyenmu a da, in namiji ya yi aure yakan ajiye sunan yarinta ya ɗauki na manya. Yanzu an daina, kowa da sunan da ke jikin katinsa. Akwai Kardi, yaron da ya taɓa sakaci ɓauna ta cinye wa wata tsohuwa, Mbah Sumi, irin shinkafa. Ya tafi birnin Solo, ya yi aure, ya dawo da furfura ana kiransa Pak Harjo, wato Malam Harjo. Lokacin idon tsohuwar ya dushe, kuma har lokacin ba a ambaton Kardi a gabanta. Harjo ya gyara mata hanyar ruwan gona bai ce shi ne Kardi ba, yana lallaɓawa ya sami bakin neman gafara. Mu ma ba mu faɗa mata ba. Ran nan ta ce, "Na yarda Pak Harjo mai amana ne."

Darmo ɗan ƙanenta ne. Shi ke noma gonarta su raba amfani, da ɓaunar Harjo yake huɗa. Washegari muna rumfar mai shayi, inda hayaƙin taba mai kanumfari ba ya yankewa, Darmo ya ce, "Kun ji? Mbah ta ce Kardi mai amana ne."

Na ce, "Ba haka ta ce ba."

"Haba Kang, haba yayana, furfura ce ta raba su? Mutum ɗaya ne."

"A gari ɗaya ne, a zuciyarta biyu. Kai kuwa labarin zuciyarta kake bayarwa."

"To sannu, mai gadin zuciyar tsofaffi."

Aka yi dariya.

Kafin azahar magana ta kai mata. Ta sa aka kira Darmo, ina wurin.

"Yaushe na yabi Kardi?"

"Mbah, ai kin yabi Harjo, shi kuwa Harjo..."

"Tambayarka na yi, yaushe sunan Kardi ya fito bakina da alheri?"

Ya sunkuyar da kai. Sauran ita ta gane da kanta. Ta ce, "Da daga bakin Harjo na ji, da na yafe. Kai ka kai ni rumfar shayi."

Kafin shuka ta ba wani gonar. Harjo ya zo ya kwance ɓaunarsa ya tafi da ita. Gona, ɓauna, da shinkafar da Darmo ke ci a barandar gwaggonsa tun yana yaro, duk ya rasa.