Ɓerayen da Bahago Ya Ciyar

A shekarar 1957 Bahago, ɗan Malam Aƙilu marini, yana aiki a wani ɗakin bincike a bayan ganuwa. Kullum da safe zai hau keke daga Ƙofar Kuyambana ya ratsa gari ya fita. Baturen likitan da yake yi wa aiki yana binciken abin da yunwa ke yi wa hanta. Bahago ne ke hana fararen ɓeraye abinci na 'yan kwanaki, sannan a yanka hantarsu siriri-siriri a duba a madubi mai girmama ƙananan abubuwa.

Likitan ya nuna masa wasu mitsi-mitsin jakunkuna a cikin ƙwayoyin hantar. Ya ce ba a daɗe da gano su a Turai ba, kuma yana zaton in abinci ya yanke, da su ne ƙwayar ke narkar da kayan cikinta ta ci don ta rayu. Abin ya shiga ran Bahago ƙwarai, har likita ya yi masa alkawarin in an mai da aikin Ibadan bayan damina, tare za su tafi.

Ana cikin haka wani ƙari ya fito wa Malam Aƙilu a maƙogwaro. Tuwo ya daina wucewa, daga baya har fura.

"Baba, ka bari in kai ka asibiti," in ji Bahago.

"Ba mai fitar da ni garin nan a kwance. In ajali ne, ya same ni a ɗakina."

Bahago ya kai maganar ga ƙannen uban, suka ce a bar Malam da abin da ya zaɓa. Haka ya zuba ido tsohon yana zubewa, damatsan da suka shekara suna matse zane suka koma kamar kara.

Wata rana ƙanwarsa Batulu, tana ɗura wa uban kunu da cokali, ta juyo ta ce, "Yaya, kai da kake tare da likita, me ke cinye shi haka?"

Ya san amsar, don ya sha ganinta a hantar ɓeraye. Ya fita zaure ya zauna.

Washegari a wurin aiki ya tarar da ɓerayen suna gwaguyar ƙarfen keji. Ya daɗe a tsaye. Can ya ɗebo dawa ya zuba musu, ya tsaya har suka ƙoshi.

Da likita ya duba hantar ya ɗago kai. "Wa ya ba su abinci?"

"Ni ne, Likita."

Baturen bai yi faɗa ba, bai kuma kore shi ba. Ya dai mai da shi wankin kwalabe, ya ɗauko wani Kabir ya ɗora a kan madubin. Da damina ta wuce, da Kabir aka tafi Ibadan, aka rufe ɗakin.

Malam Aƙilu ya rasu ba da jimawa ba. Bayan sadakar arba'in dangi suka taru a zaure, suka ce Bahago ne kaɗai namiji, ga uwa ga ƙanne, ramukan marina kuma ba za a bar su su bushe ba. Ba wanda ya tambayi ra'ayinsa.

Ran Asabar ya naɗe hannun riga ya tsaya a bakin rami. Baffansa Yari ya miƙa masa muciya ya ce, "Dama a hankali, kada ka tayar da laka."