Rautar Hafiza Mai Shayi

"Danna kuma! Danna, tunda ba ka gaji ba!"

Hafiza na tsaye da buta a hannu, ruwan zafi na ɗiga kusa da ƙafarta, ba ta ma sani ba. Ƙanenta Muntari na tsugune a gindin dogonyaro, ya soka allura a ɗan ramin da ke bayan rautar, na'urar nan mai raba intanet, ya riƙe, ya saki. Fitilun suka kama gaba ɗaya, suka mutu gaba ɗaya, sai ja guda ta dawo tana ƙyafta ido, yadda take yi tun da safe.

Wanda bai san layin gareji na Alshajara ba zai ce mene ne abin tashin hankali a kan ɗan farin akwati. To, masu shayi a layin nan suna da yawa, kuma shayin kowa ɗaya ne: ganye, sukari, na'ana'a, citta. Makanikai inda wayarsu ta kama intanet, nan suke zama. Rautar Hafiza kullum tana rataye a reshe cikin leda, an jawo mata wuta daga garejin Usta Salih, kuma ita ce ta cika mata kujeru. Sai dai kamfanin da ya sayar da ita ya kulle ta, layinsa kaɗai take karɓa, layin kuwa ya daɗe yana jan ƙafa a unguwar. Ana haka Sittana, mai shayin tsallaken titi, ta kawo sabuwa fil wadda kowane layi aka sa mata sai ta ɗauka. Mutane suka fara tsallakawa, yau ɗaya, gobe biyu.

Muntari ne ya ce zai cire sof ɗin kamfanin, wato manhajar da ke cikinta, ya zuba mata wani, irin wanda masana ke haɗawa su sa a intanet kyauta, ta riƙa karɓar kowane layi. Ya yi wa wayoyin mutanen unguwar Mayo irin wannan filashin ba sau ɗaya ba, kuma sun tashi lafiya. Wannan ce dai ta tsaya a tsakiya, ta ƙi gaba ta ƙi baya.

"Yaya, na canza waya, na canza caja, na kashe na kunna," ya ce ba tare da ya ɗago ba. "Lambar da ke manne a bayanta na bi. Jiya ma sai da na tambaye ki ko an taɓa..."

"Kada ka tambaye ni komai! Jiya tana rarrafe, amma tana da rai. Yau fa?"

Lokacin fatur ne, karin kumallon hantsi, lokacin da take yin rabin cinikin yini. Wasu samari biyu masu walda suka duba wayoyinsu, suka dubi juna, suka miƙe suna kakkaɓe wando kamar an kira su. Hafiza ta bi su da ido har suka zauna a kujerun Sittana. Sittana kuwa, Allah ya shirye ta, har da ɗago hannu ta gaishe ta.

Nan fa abin ya ɓalle.

"Ka gani? Ka ga aikinka? Da me zan ciyar da yara, da allurarka? Tun da aka sallame ka daga masana'antar sabulu kake zaune a gidana, kana cin tuwona, abin da hannunka ya taɓa kuma sai ya mutu!"

"Ni na saya miki ita, Yaya," ya ce a hankali.

"Ka bayar ka ƙwace ke nan! Madalla!"

Gaskiya ne, shi ya saya mata lokacin da yake da aiki, ya kawo ta a kwali yana ta murmushi. Yanzu ga shi, fuska cike da gemu, ana wanke shi tas a gaban maza. Usta Salih, dattijon da ya san su tun suna yara, ya ajiye kofinsa.

"Ya isa, Hafiza. Ɗan'uwanki ne."

"Ya isa? Ai ban fara ba, Usta."

Ta fizge rautar daga hannun Muntari, ta cusa ta a jaka, ta gyara lulluɓinta. Ta ce Omdurman za ta, kasuwar Suk Libya, wurin wanda ya san aikinsa.

"Omdurman kuma?" in ji Usta Salih. "Ga masu gyara a Suk Arabi, kafin a tsallaka ruwa?"

Ta rataya jakar a kafaɗa. Ta bar garwashi na ci, butoci a kai, ta yi gaba.

A cikin hafla, ƙaramar bas ɗin nan da ake cusa mutane kamar buhunan gyaɗa, ba wanda ya tsira. Ta yi faɗa da kwandasta, ta yi da wani mai buhun albasa da ya taka ta. A kan gadar Farin Nilu motoci suka cushe, rana ta sauko ta zauna a rufin mota. Ita kuwa ba kogin take gani ba. Kujerunta take gani babu kowa, da Sittana tana zuba wa masu walda kofi na biyu tana tambayar lafiyar iyayensu. Mutum in ya saba da wata inuwa, ta sani sarai, da wuya ya dawo. Ta riƙa shirya maganganun da za ta ƙara wa Muntari in ta koma, kowace ta fi ta baya zafi.

Shagon Husam ɗan lungu ne a layin masu waya, mutum biyu ba sa tsayuwa a ciki. Husam ɗan Hausawan unguwar Dar Salam ne, amma Hausarsa rabi ce, sauran Larabci ke cikewa.

"Ahlan, ya khala! Maraba da inna! Kwana da yawa. Me ya faru?"

"Ƙanena ya kashe min ita. Wai filashin."

Ya jona ta, ya kalli jar fitilar na ɗan lokaci, ya yi tsaki. Ya kwance ƙusoshin, ya ɗaga murfi, ya sa tabarau mai ƙara girma ya leƙa koren allon da ke ciki. Sannan ya juya murfin ya karanta takardar da ke manne. Ya sake leƙa allon. Sai ya fashe da dariya.

"Me ye abin dariya? Abincina ne a hannunka!"

"Malesh, ya khala, yi haƙuri. Amma ai wannan aikina ne. Ba ke ce kika zo bara da ita, gefe ɗaya ya narke kamar alewa ba?"

To, ga abin da Hafiza ba ta gaya wa kowa ba. Bara wata rana iska ta taso, ta sauko da rautar daga reshe don kada ta faɗi, ta ajiye ta kusa da murhu, ciniki ya ɗauke mata hankali. Kafin ta ji ƙauri, gefen akwatin ya lotsa ya yi baƙi. Kayan da Muntari ya saya da guminsa, yana ta alfahari da shi, da wane ido za ta nuna masa? Shi ya sa ta tsallako ruwa inda ba wanda ya san shi, Husam ya samo mata murfin wata matacciyar rauta mai kama da ita sak, ya rufa. Ta koma ta rataye, ba wanda ya lura.

"Murfi ne kawai ka canza," ta ce. "Riga ce. Me ya haɗa riga da wannan?"

"Rigar ce ke ɗauke da suna. Dubi nan." Ya nuna mata takardar da bakin sukudireba. "Wannan ta ce ƙira ta biyu. Allon ciki kuma, dubi, ƙira ta farko ne. A ido ɗaya suke, amma sof ɗinsu daban. Ya karanta baya, ya sauko da na ta biyu, ya ɗura wa ta farko. Kowa ya bi takardar nan haka zai yi. Bai tambaye ki ko an taɓa buɗe ta ba?"

Ya tambaya mana. Jiya da yamma tana wanke kofuna ya tambaya, ta ce, wa zai buɗe ta, yadda ka kawo haka take.

Hafiza ta kau da kai daga takardar. Fushin bai tafi ba, wallahi, sai ma ya rasa inda zai sauka.

"Kai kuma da ka canza, me ya hana ka gaya min?"

"Na ce miki zan ɓanɓare takardar tsohon in manna. Kika ce ta ƙone, a bar wannan, ta fi tsabta."

 Husam ya liƙa siraran wayoyi a jikin allon, ya haɗa da kwamfutarsa, ya taɓa wasu ɗigo biyu da hantsaki yana kunna wuta a lokaci guda. Bai yi ba. Ya sake, bai yi ba. Ya canza waya, ya zagi wayar da Larabci, ya sake. Sai rubutu ya fara gudu a baƙin allo.

"Ta amsa. Amma shi ma ɗan'uwan naki yana da nasa," ya ce, idonsa na kan rubutun. "Irin waɗannan sai sun yi gargaɗi, su ce fayil ɗin nan bai dace ba. Akwai wurin da ake danna dole. Ya danna."

"Ka ji ko!" Ta kama maganar nan hannu biyu. "Na san shi! Tun yana yaro in an ce a'a..."

Ta tsaya da kanta. Ya danna ne don ya yarda da takarda, ya kuma yarda da yayarsa.

Fitilun suka dawo kore ɗaya bayan ɗaya. Husam ya mayar mata da sof ɗin kamfani, wato ta koma yadda take jiya, tana da rai, a kulle. Yana cewa bari ya sauko da wanda ya dace ya buɗe ta gaba ɗaya, fanka ta tsaya cak, layin duka ya ɗauki salati. An ɗauke wuta.

"A kan janareton maƙwabci ba na filashin," ya ce. "In ya yi tari a tsakiya, mun koma jar fitila. Ki bar ta, ki dawo gobe."

"In bar wa Sittana gobe ma? Rufe min kayana."

Ta sallame shi, ta fito.

La'asar ta yi kafin ta sauka a Alshajara. Tun daga nesa ta hango taro a gindin dogonyaronta. Ta ɗauka wata ce ta mamaye wurin, ko 'yan hukuma ne ke kwashe kujeru. Ta ƙara sauri, baki cike da magana.

Muntari ne. Yana zaune a kan 'yar kujerarta ta mata, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓarsa, yana fifita garwashi da maficinta. A garin nan namiji ba ya zama a kujerar mai shayi, don haka duk layin ya zo kallo. Kujerun a cike, wasu a tsaye. Masu waldan nan biyu sun dawo, ɗaya na ɗaukar hoto yana kiransa "ya sitt Muntari", wato uwargida Muntari, ana ta sheƙa dariya. Shi kuwa kunnuwansa kawai za ka duba ka san abin da yake sha tun hantsi. Sittana na tsallake ta yi tagumi.

"Ga mai wuri ta dawo, mun tsira!" in ji Usta Salih. "Hafiza, shayin ɗan'uwanki ko injin mota aka zuba wa sai ya buga. Na sha uku don tausayi. Na ce masa kada ya ji kunya, kakana ya ce a can ƙasarmu ta asali maza ne ke wannan sana'a."

Hafiza ta dubi teburinta. Kwalbar citta ta kusa ƙarewa, sukari a warwatse, babbar butar ta yi baƙi ƙirin.

"Tashi min daga kujera," ta ce. "Dubi butata. Wa ya ce maka ana dafa madara a butar ruwa?"

Ya tashi, ya miƙa mata maficin, bai kalle ta ba. Ya juya zai tafi.

"Ina za ka? Usta, ara masa ƙaramin sukudireba."

Ta ciro rautar daga jaka ta ɗora masa a hannu.

"Ta tashi, amma a kulle take. Buɗe ta. Lambar da ke ciki za ka bi, ba ta baya ba."

Ya tsuguna inda ya tsuguna da safe, ya kwance ƙusoshin. Ya daɗe yana kallon allon. Ya juya murfin, ya karanta. Sannan ya shafa gefen allon da yatsa, inda koren ya koma ruwan ƙasa, ya ɗago ya dube ta a karon farko tun hantsi.

"Yaya, wannan ƙuna ce."

"Ƙuna ce," ta ce, tana ɗauraye kofi da ƙarfi fiye da kima. "In kuma ta ce maka a'a, ka ji a'ar. Kada ka danna dole."

Ta zuba shayi na farko daga hannunta, ta tsallake Usta Salih da ke miƙo kofi, ta ajiye a gaban Muntari. Ya riga ya ciro waya yana neman fayil. Ta dubi inda ya ɗora rautar a kan dutse, ta dubi murhu. Sai ta naɗe hannu da tsumma, ta ja murhun can gefe.