Ƙarfen Ƙafar Guled

Wata uku ke nan da sako Guled daga kurkuku, da wani ƙarfe a idon sawunsa mai gaya wa hukuma duk inda ya taka. An yi masa iyaka: in ya haye kogin da ke kudu da birnin Minneapolis na Amurka, sai ya koma ya ƙarasa shekara biyun da aka ɗage masa.

Duk unguwar Somaliyawa ta san da ƙarfen. Baba Dirye mai shagon nama, wanda ya ɗauke shi aiki ran da ya fito, ba ya kiransa sai "mai munduwa".

Ran Talata da hantsi Baba Dirye ya rasu. Makabartar kuwa tana hayin kogi. A unguwar nan, namijin da ya ci abincin mutum amma bai raka shi kabari ba, da wuya ya ƙara ɗaga kai a masallaci.

Liban, abokinsa na zamanin yawon banza, ya ja shi bayan masallaci, ya nuna masa almakashin yanka ƙarfe.

"Minti ɗaya ne, mutumina. Ko cikin mata za ka zauna kana yanka albasa?"

Guled ya sunkuya. Ya ɗage ƙafar wando.

Sai ga Gwaggo Ebla, ƙanwar mamacin, ta fito zubar da ganyen shayi. Ta dube su.

"Liban, ba ni abin nan, kafin in kira uwarka." Ta juya ga Guled. "Kai kuma, wata uku yayana yana tashinka da asuba don kada ka koma can. Yau za ka ɓata masa aiki?"

"Gwaggo, mutane za su ce..."

"Waɗanne mutane? Ai mu ne mutanen."

Ta aika aka kira mata liman, suka yi magana.

Bayan an yi salla, motoci suka tsaya a wani fili kafin gada. Dattawa suka sauko da makara, liman ya nuna wa Guled gaban makarar. Guled ya sa kafaɗa.

"A hankali, mai munduwa," in ji wani tsoho daga baya. "A shago ma haka kake ɓarar masa da kaya."

Taku arba'in suka yi, aka mayar da gawa mota. Guled ya tsaya har motar ƙarshe ta haye. Sannan ya koma ya buɗe shagon, don shinkafar masu gaisuwa tana jiran nama.