Kabewa a Gonar Dankali

Shekara arba'in da ɗaya ina zaune da maigidana, ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. Ko tuntuɓe ya yi, dutsen ne da laifi.

Gonarmu ta dankali ta gaji. Kowace shekara yana ƙara mata takin zamani, ƙasar tana ƙara tauri, dankalin yana fitowa ƙanana kamar ƙwan zabo. Bara babban ɗanmu ya ga abin da muka haƙo, ya ce, "Baba, shekara ɗaya ta rage. In ba ta yi ba, ku tattara ku dawo wurina a birni. Na gyara muku ɗaki a sama."

Ni kuwa tsoro ya kama ni. Na san mutumin nan, in aka ajiye shi a bene yana kallon motoci ta taga, ba zai yi wata shida da lafiya ba.

Sai na haƙa ramuka biyu a bayan kicin. Ɓawon kayan miya, toka, kashin kaji, busasshen ganye, duk ina zubawa, ina juyawa, ina yayyafa ruwa. Na farko ya ruɓe ya yi baƙi ya yi laushi. Na biyu sabo ne, bai je ko'ina ba.

"Maman yara, yanzu shara kike dafawa?" in ji shi. "In ta nuna a zubo mini a kwano."

"Ba taka ba ce, ta gona ce."

"Ba dai gonata ba. Da hankalina zan kai juji gonar ubana?"

Na ce to. Amma ana gab da shuka sai na ga rami yana raguwa, baro kuma kullum da safe tayarsa da ɗanyar laka. Na tambaye shi, ya ce ƙila kaji ne. Ban taɓa ganin kazar da ta iya tura baro ba.

Abin da bawan Allah bai sani ba shi ne taki akwai nunanne akwai ɗanye. Sabon ramin ya fi kusa da ƙofa, shi yake ɗiba. A makon nan kuwa na zubar da cikin kabewa har guda biyu, da 'ya'yan da komai.

Bayan sati uku na kai masa ruwa gona. Kunya huɗu na gefen rijiya, ga kabewa ta tsiro tsakanin dankali, a jere gwanin sha'awa.

"Maigida, wannan wane irin dankali ne mai faɗin ganye?"

Ya gyara hula. "Tsuntsaye ne suka kawo irin."

"Kai, tsuntsayen bana akwai tsari. Har layi suke bi."

Da na koma gida na rufe ɗanyen ramin da tsohon katako, na jingina baro da shebur a bakin nunannen. Ban ce ba, bai ce ba. Ranar da ya fara tara wa dankalin ƙasa, nunannen ramin ya ragu rabi.

Lokacin haƙa, ɗanmu ya zo da motarsa, ya kwashe komai daga bayanta saboda kayanmu. Ba duka gonar ce ta farfaɗo ba. Amma inda takin ya kai, ƙasar sai ruguzowa take a hannu, dankalin kuma ya cika tafin hannu. Yaron ya ɗauki ɗaya yana juyawa.

"Baba, me ka sa mata?"

Maigida ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya yi tarin da babu shi. "Tambayi uwarka," ya ce. "Ita ta iya dafa shara."

Na juya baya kamar ina gyara ɗankwali, don kada su ga idona.

Motar ta tafi da buhu biyu na dankali da kabewa bakwai, babu akwatinmu ko ɗaya. Da yamma ina wanke-wanke sai ga shi tsaye a ƙofar kicin, riƙe da ɓawon ayabar da ya ci.

"Maman yara, wannan a wane rami ake zubawa?"