Sadakar Dakta Mas'udu

Dakta Mas'udu ya rasu a Doha a tsakiyar zafin shekarar da korona ta shigo. Mutumin Gusau ne, ya daɗe yana bincike kan ruwan ƙarƙashin ƙasa a wata cibiya a birnin. Mutane kaɗan aka bari suka je jana'izarsa, kowa da takunkumi, kowa nesa da ɗan'uwansa. Suraj yana cikinsu. Shi ɗalibin digiri na uku ne daga Zariya. Dakta ne ya ɗauko shi daga filin jirgi ranar da ya fara sauka ƙasar, kuma tun daga lokacin kowace Juma'a a gidan Dakta da ke Gharrafa yake cin tuwo.

Da matar marigayin, Hajiya Rahmatu, ta fita takaba, sai ta shirya komawa gida da 'ya'yanta biyu. Tufafi da littattafai ta ɗaure su. Abin da ya rage shi ne doguwar kujera da ƙananan biyu, teburin cin abinci da kujerunsa, kantar littattafai mai tsayi har kusa da rufi, da kwamfutoci uku, biyu na tebur, ɗaya ta hannu. Ta kira Suraj ta gaya masa cewa Dakta a maraya ya tashi, kuma ya sha faɗa mata cewa ranar da zai bar Qatar ko cokali ba zai sayar ba, ƙungiyar da ke kula da marayu zai ba komai.

"Ka cika masa wannan, Suraj," in ji ta. "Kada a sayar, kada a zubar. Marayu."

Suraj ya ce ai wannan ƙaramin aiki ne, kafin ta sauka Kano ma an gama.

Mai gidan hayar yana son makullinsa, saboda haka sai da aka fara kwashe kayan. Wani ya ba Suraj lambar Bawah, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi mai a-kori-kura, wanda ya shekara da shekaru yana jigilar kayan mutane a Doha. Bawah ya zo ya dubi kayan, ya tambayi inda za a kai su. Suraj ya ce ɗakinsa da ke Madinat Khalifa, na ɗan lokaci. Ɗakin guda ɗaya ne da banɗaki, a hawa na biyu, ginin kuma ba lif. Da suka gama shigar da komai, sai ya zamana gadon Suraj ba shi da wurin tsayawa, aka jingina shi da bango. Daga ranar a doguwar kujera ya koma kwana.

Washegari ya fara kiran waya. Ƙungiya ta farko ta ce saboda annoba ta dakatar da karɓar kaya sai abin da hali ya yi. Ta biyu ta ce akwai akwatunanta a bakin masallatai da kantuna, ya je ya saka. Ya je ya duba. Akwatin ƙarfe ne mai baki kamar na tanda, an rubuta tufafi da takalma a jikinsa. Ya tsaya yana dubansa na ɗan lokaci, sannan ya cire wata tsohuwar hula daga aljihu ya jefa, don kada zuwan ya tashi a banza.

Da aka sassauta kulle, sai ta uku ta ce ya turo hotuna ta waya. Ya goge komai ya ɗauki hotuna ya tura. Amsa ta zo cewa akwai tabo a hannun doguwar kujera, ba sa karɓar abu mai tabo. Suraj ya san tabon. Shayi ne, kuma shi da kansa ya zubar da shi wata Juma'a suna gardamar siyasa da Dakta. Ya sayo ruwan wanki iri-iri ya yi ta dirza, tabon ya tashi, wurin ya fi sauran jikin kujerar haske. Ya sake turawa. Suka ce yanzu kuma launin bai daidaita ba.

Kwamfutocin sun fi ba shi aiki. Wani ofishi a Mushairib ya yarda zai duba su, da sharaɗin a goge duk abin da ke ciki tukuna. Dakta kuwa ya kulle su da kalmar sirri. Suraj ya tambayi Hajiya Rahmatu, ta ce ba ta sani ba. Ya gwada sunayen yaran, ya gwada Gusau, ya gwada sunanta. Ya daɗe bai gaya mata cewa sunanta bai buɗe ba, ita ma ba ta tambaya ba. A ƙarshe ya kai su wurin wani mai gyara, wanda ya ciro hotunan iyali da ke ciki kafin ya share sauran. Akwai na sunan ƙaramar 'yar, akwai na Dakta a bakin teku ya naɗe ƙafar wando yana riƙe da kifin da ba shi ya kama ba. Suraj ya tura mata su duka. Ta turo saƙon murya, bai ji komai a ciki ba sai numfashi da kukan wani zakara daga nesa.

Ya ɗauki kwamfutar hannun ya hau jirgin ƙasa zuwa Mushairib. Matar da ke ofishin ta karɓe shi da fara'a, ta kunna, baƙin allo ya fito. Ta ce ba za su iya ba yara kwamfutar da ba komai a cikinta ba. Ya ce ai su suka ce a goge. Ta ce haka ne, amma ba gogewa irin wannan ba. Ya koma aka saka mata manhaja, ya dawo. Wannan karon wani mutum ya tarar, wanda ya juya ta ya karanta bayanta, ya ce ta tsufa, kuma a cikin watannin da aka yi ana kai da kawo ne ta haye iyakar shekarun da suke karɓa.

Sau ɗaya motar wata ƙungiya ta taɓa zuwa. Ma'aikata biyu suka hau bene suna haki, suka dubi doguwar kujera, suka dubi matakala, suka yi magana da yarensu. Babban ya ce wannan sai an sauko musu da ita ƙasa, kuma ba yau ba. Don kada su koma hannu wofi, suka ɗauki fanka da ƙaramin firji. Duka biyun na Suraj ne. Ya buɗe baki zai yi magana, sai babban ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a doguwa da Larabci, shi kuwa ya ce amin, ya riƙe musu ƙofa.

Haka rayuwa ta ci gaba. Ya koyi tafiya a karkace tsakanin tebur da kanta. Sallah yake yi a wani ɗan fili da ya rage a bakin banɗaki, in ya yi sujada ƙafarsa na ƙarƙashin kujera. In ana taron bincike ta intanet, abokan karatunsa suna ganin allunan kwamfuta jere a bayansa, har wani ɗan Sudan ya tambaye shi a asirce ko yana sayarwa. Hajiya Rahmatu takan tambaya da farko, ya ce ana kan hanya. Daga baya ta daina tambaya, sai gaisuwar Sallah da ta azumi. Shi ma sai ya rage kira, saboda nauyinta da yake ji.

Ya rubuta kundinsa a kan teburin cin abincin Dakta, ya kare shi, ya samu ƙaramin aiki a jami'ar. Kayan suna nan.

Sai shekarar Kofin Duniya ta zo. Tutoci suka cika tituna, aka yi wa gine-gine fenti, mai gidan su Suraj kuma ya sanar da 'yan haya cewa ba zai sabunta wa kowa ba, baƙi 'yan kallo zai zuba. Suraj ya samu wuri a ɗakin wani abokin aikinsa, gado ɗaya da ƙusa biyu na rataya riga. Ya yi ta jan ƙafa har aka fara wasanni, mai gida ya zo da kansa ya tsaya a ƙofa ya ce khalas, magana ta ƙare, gobe ya tashi.

Ya sake kiran Bawah. Bawah ya hau bene, ya tsaya a bakin ƙofa da rigar ƙwallon Ghana a kan jallabiya, ya dubi kayan ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaida tsofaffin sani. Ya tambayi ina za a kai su yanzu. Suraj ya ce bai sani ba. Ya zauna a hannun kujera ya ba shi labarin tun daga farko, har da firji.

Bawah ya saurara bai yi dariya ba. Da aka gama ya ce, "Malam, ni ma maraya ne."

Suraj ya dube shi. Furfura ta gama cin gemun mutumin.

Bawah ya ce ubansa ya rasu, uwarsa ta rasu. A gidan da suke haya a Madinat Khalifa ta kudu, su 'yan Zango ne cike, masu gadi da direbobi da masu wankin mota, kuma in aka bi ɗaki-ɗaki da wuya a samu mai uba da rai. A kan bokiti da bulo suke zama su ci abinci. Suraj ya yi masa bayani a hankali cewa a wurin malamai maraici yana ƙarewa ne da balaga.

"To ni ba wanda ya zo ya gaya mini nawa ya ƙare," in ji Bawah.

Ya ƙara da cewa in ƙananan marayu ake nema, ƙanwarsa Fuseina tana koyarwa a wata makaranta a Kumasi, suna nan da yawa, kuma kwamfutar makarantar zane ce a jikin allo. Mutanensu suna aika kaya gida a cikin duro kowane wata, nasa duron bai cika ba.

Suraj ya ce ba shi da ikon yanke wannan hukunci. Ya fita baranda ya kira Hajiya Rahmatu a Gusau. Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya faɗi gaskiyar inda aka tsaya.

"Suraj," in ji ta, "kana nufin duk shekarun nan kayan suna ɗakinka?"

"Suna nan, Hajiya. Ban da hotunan."

"To kai a ina kake kwana?"

Ya gaya mata. Ta yi dariya har da tari, ta kira wata a cikin gida ta maimaita mata, ita ma ya ji ta tana dariya. Da ta natsu sai muryarta ta sauya. Ta ce Dakta da kansa da ba zai kai wata guda yana wannan wahala ba, da tuni ya tsayar da wani a titi ya ba shi. Ta ce a kai wa yaran Kumasi kwamfutocin, kujeru kuma a ba duk wanda zai zauna a kai.

Suka yi sawu biyu. Gidan su Bawah tsohon gida ne babba da aka yanyanka da katako, takalma jibge a kowace ƙofa. Teburin ya shiga kicin da ƙyar, nan take wani ya ɗora tukunyar wake da shinkafa a kai. Kantar littattafai wani mai gadi ya ja ta ɗakinsu, suka raba ta hawa-hawa, kowa da inda zai ajiye man shafawa da cajar waya. Kwamfutocin aka naɗe su da barguna aka zura a duro, tsakanin buhun madara da kwalin dabino. Doguwar kujera ta ƙi shiga ta kowace ƙofa, ko a tsaye ko a kwance, sai aka bar ta a tsakar gida ƙarƙashin rumfar mota.

Ranar ce Ghana take wasa da Koriya ta Kudu, da yamma. An fito da talabijin an ɗora a kan tagar kicin. Suraj ya so ya tafi, Bawah ya ce ba inda za shi, aka zaunar da shi a tsakiyar kujerar, mutum biyu a damansa, biyu a hagunsa, wasu uku a kan hannaye da baya. Aka miƙo masa faranti da yaji mai yawa. Ghana ta ci biyu, aka tafi hutu aka yi magariba a kan kwalaye. Aka dawo Koriya ta rama duka biyun, wani ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Da Ghana ta ci na uku, duk wanda ke kan kujerar ya yi tsalle lokaci guda ya dawo lokaci guda, ƙafar baya ta hagu ta karye. Ba wanda ya duba. Sai da aka tashi wasa Bawah ya ɗauko bulo ya tokare ta, ya zauna ya jijjiga, ya ce ta fi da ƙarfi.

Suraj ya ɗauki hoto, mutum bakwai a kan kujera mai ƙafa uku da bulo, ya tura wa Hajiya Rahmatu yana cikin motar Bawah a hanyar sabon masaukinsa. Amsa ta zo kafin su kai. Ta ce Allah ya kai ladan kabarin Dakta, ya saka wa Suraj da alheri. Sannan ta ce tunda yanzu ya samu sarari, akwai wata 'yar ƙanwarta da ta gama karatun haɗa magunguna a Sakkwato, mai hankali ce, za ta turo masa lambarta.